Kwana uku a Ankara, babban birnin Ghana, da iyali: gidan dangi ko otal?

Baban_Ummi_Aboabo: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman daga wajen 'yan Ankara. Hutun Ranar Manoma na tafe, Juma'ar farko ta Disamba, ga Asabar ga Lahadi a bayanta. Na yi niyyar kwasar iyali daga Kumasi mu je Ankara: ni da maiɗakina da yara uku da Hajiya mahaifiyata. Ni dai ina shiga Ankara, amma sari ke kai ni, daga tasha sai kasuwannin Tudu da Makola, in ɗaure kaya in juyo. Yaran nan ba su taɓa ganin teku ba sai a talabijin, babbar kuwa tun da aka fara koya musu tarihin Nkrumah a makaranta ta hana ni sakat. Wannan karon yawon buɗe ido nake so mu yi, irin wanda Turawa ke biyan kuɗin jirgi su zo su yi a ƙasarmu muna kallonsu.

Tambayata biyu. Ina da ina za mu je a kwana ukun nan ba tare da an gajiyar da tsohuwa ba? Ta biyu ita ta fi damuna: ƙanin Hajiya yana unguwar Nima, yayar maiɗakina tana unguwar Madina. Ni so nake in kama otal in yi shiru, kada kowa ya ji mun shigo sai ranar komawa mu leƙa mu gaisa. Laifi ne?

DanNima441: Wa alaikumus salam. Yaya, ka shigo Ankara da Hajiya, ƙaninta na Nima, ka ce za ka ɓuya? Nima fa ba ta riƙe sirri. Kafin ka sa takalminka bayan sallar Juma'a a Kanda mutum goma sun gan ka, biyar a ciki sun riga sun buga wa kawunka waya.

Inna_Fadama: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tuna da fitar da mahaifiyarka. Amma maganar ɓuyan nan ka bar ta. Zumunci a ƙafa yake. Mace ta zo garin da ƙaninta yake, ciki ɗaya, ta kwana a ɗakin haya kamar marar kowa? In ya ji, ba kai zai riƙe ba, ita zai riƙe a zuci. Mu da muka tashi, baƙon Kumasi in ya sauka, tabarma ake ƙarawa, ba a tambayar kwana nawa zai yi.

Binta_Legon: Inna, a gafarce ni, zan ɗan saɓa muku. Baban Ummi, in ka sauka gidan dangi, ka manta da teku. Na ga yadda ake yi a gidanmu. Baƙi su zo Juma'a, a ce sai an huta gajiya. Asabar da safe a ce akwai suna a Mamobi, ba za a ce kun zo ba ku je barka ba. Daga can a ce wane ya yi rashi watan jiya, a biya a yi gaisuwa. Lahadi kuwa ranar biki ce a kowane zango, an tare hanya da rumfa, Hajiya ta samu ƙawayenta na ƙuruciya, wa zai tashe ta? Sai ga ku a mota za ku koma, yara ba su ga komai ba sai falon mutane da kwanon shinkafa. Yaran yayata haka suka zo suka koma, babban yana kuka a tasha don an yi masa alkawarin bakin ruwa.

Direban_Asafo: Ku dakata da maganar masauki, a fara isa tukuna. Hanyar kusan kilomita 250 ce, amma kada lissafin kilomita ya ruɗe ka. Daga Asafo zuwa Konongo, Nkawkaw, Bunso, Suhum, tafiya ake yi in Allah ya kiyaye. Wahalar tana jiranka daga Nsawam zuwa Ofankor, nan mota ke tsayawa cik. Awa biyar in an yi sa'a, in ba a yi ba har bakwai. Yammacin Alhamis kafin hutu kowa na kan titi, kada ka sa tsohuwa cikin wannan. Ku yi sallar asuba ku kama motar farko, insha Allahu Juma'a za ta same ku a Ankara. Ka nemi babbar bas mai faɗin kujera, VIP ko STC, ka bar ƙananan motocin nan masu gudun tsiya. A sa wa Hajiya rigar sanyi da safa, sanyin cikin bas ba ya yi wa gwiwar tsofaffi daɗi. Galibi ana tsayawa a Linda Dor da ke Bunso, nan za ta sake alwala, yara su ci abinci.

Sadiq_Yango: Ko kuma jirgi. Daga filin Prempeh na Kumasi zuwa filin jirgin Ankara bai kai awa ɗaya ba.

Baban_Ummi_Aboabo: Sadiq, mu shida ne fa. Kuɗin jirgin mutum shida zuwa da dawowa, ai sai mu isa Ankara mu zauna muna kallon juna.

Malam_Tarihi: Bari in amsa tambayar farko tunda an bar ta marainiya. Juma'a ba ta da gardama: Masallacin Ƙasa a Kanda. An buɗe shi a 2021, Turkawa suka gina shi a kan fasalin manyan masallatan Santambul, hasumiya huɗu, yana ɗaukar mutum 15,000. Ku je da wuri Hajiya ta samu wuri mai kyau a sashen mata, bayan salla kuma kada ku yi saurin fita, ku bari jama'a ta ragu yara su ɗaga kai su kalli zanen cikin ƙubba.

Asabar da safe, kafin rana ta yi zafi, sai wurin tunawa da Kwame Nkrumah. Ita 'yar taka nan ne nata. Ka gaya mata filin da take tsaye a kai shi ne tsohon filin wasan folo na Turawa, inda Nkrumah ya tsaya ya shelanta 'yancin kai a daren shiga 6 ga Maris 1957. A Romaniya ya rasu a 1972, aka fara binne shi a garinsu Nkroful, sai a 1992 aka kawo shi wannan wuri. Matarsa Fathia, 'yar Masar, da ta rasu a 2007 aka binne ta kusa da shi. Abin da ni ya fi tsaya mini a rai shi ne gunkinsa da aka sare wa kai lokacin juyin mulkin 1966. An ajiye gangar jikin a tsaye, kan kuma a gefe, ba a haɗa su ba. Na fi son wannan a kan duk ruwan da ke tsartuwa da fitilun da aka ƙara a gyaran 2023, domin yaro in ya gan shi sai ya tambaya, in ya tambaya kuwa ya fara karatu. Ku riƙe katin ɗan ƙasa, kuɗin shigar ɗan Ghana daban ne da na baƙo.

Daga nan filin Black Star ba nisa, an gama shi a 1961. Ga babbar ƙofar nan mai baƙin tauraro da ke jikin kuɗinmu, yara su ɗauki hoto. A kusa da nan ne aka harbe tsofaffin sojoji uku ranar 28 ga Fabrairu 1948, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, suna kan hanyar kai kokensu wurin gwamna a fadar Osu. Tarzomar da ta biyo baya ita ta sa aka kama su Nkrumah, daga nan kuma hanyar 'yanci ta buɗe. Filin nan babu inuwa ko kaɗan, a riƙe wa Hajiya lema.

Kotoko_Har_Abada: Malam, duk wannan dogon bayani don Ankara? Me suke da shi da ba mu da shi? Kasuwa? Kejetia ta haɗiye Makola ta nemi ƙari. Fada? Ga Manhyia. Ruwa? Ka kai yara tafkin Bosomtwe da rana ka dawo ka kwana a gadonka. Ka ajiye kuɗinka, Baban Ummi.

Phobia_Mamobi: Ga shi nan, dama na san sai ɗan ƙungiyar ƙwallon Kotoko ta Kumasi ya leƙo. Tafki yake haɗawa da teku! Mu ƙungiyar Hearts ta Ankara tun 1911 muke, ku sai 1935 kuka farka. A komai haka kuke, a baya.

Kotoko_Har_Abada: Tsufa ba ya cin kofi. Ka zo filin Baba Yara ka faɗi haka.

Alhaji_Tudu: Yara, ku yi wasanku amma ku san inda ake tsayawa. Tunda Malam ya kawo maganar filin Black Star, filin ƙwallon Ankara yana daf da shi. Ranar 9 ga Mayu 2001 waɗannan ƙungiyoyi biyu da kuke faɗa a kansu suka buga a wurin, aka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, ƙofofi ba su buɗe ba, mutum 126 suka rasu. Da yawa yaranmu ne na zango, Nima ta yi jana'iza har ta gaji. Akwai gunkin tunawa da su a bakin filin, mutum ya goyo ɗan'uwansa. Baban Ummi, in kun wuce ta nan ka tsaya ka yi musu addu'a, ka gaya wa yaranka. Allah ya jiƙan musulmi.

Phobia_Mamobi: Amin, Alhaji. Mun bari.

Kotoko_Har_Abada: Amin ya Rabbi.

Hajiya_MaiWaakye: To an yi tarihi an yi ƙwallo, ba wanda ya ce me za a ci. Da safe ba ku da matsala, koko da ƙosai duk lungu akwai, waakye kuwa in ba ku ci na Nima ba to ba ku zo ba. Ku je kafin ƙarfe goma, bayan nan sai ƙarshen tukunya. A sa muku taliya da gari da ƙwai da wele, shito, wato soyayyen yaji, kaɗan saboda yara, namu na nan ya fi na Kumasi yaji. Da rana a nema wa Hajiya tuwon zafi da miyar ayoyo, ba ta buƙatar wani sabon abu. Da dare tsire da burkina mai sanyi.

Abin da zan ja kunnenku: in kuka je cin kenke da soyayyen kifi wajen mutanen ƙabilar Ga, a Osu ko Jamestown, ku tambaya kafin ku saya. Akwai naman da suke kira domedo, alade ne, kuma sau da yawa teburinsa na kusa da na kifi. Ba ɓoyewa suke yi ba, in ka tambaya za su faɗa maka, har ma su nuna maka mai kifi zalla.

Sadiq_Yango: Maganar zirga-zirga a cikin gari: ku shida ba za ku shiga ƙaramar mota ɗaya ba, ko Uber ko Bolt ko Yango mutum huɗu suke ɗauka. Ko ku kira biyu, ko ka yi ciniki da mai babbar mota ya zama naku yini guda, ku yanke kuɗi tun da safe har da na mai. Trotro, ƙananan bas ɗin haya, ya fi arha nesa ba kusa ba, amma hawa da sauka da tsohuwa a tashar Circle ba abin da zan so wa uwata ba ne. Kuma wayarka ta zauna a aljihun gaba in kana Circle ko Makola.

Ummu_Khalid: Ni maganar tekun ce ta tsaya mini. Don Allah a kula da yara. Tekun Ankara ba irin Bosomtwe ba ne, igiyarsa tana da ja, ruwa na iya kai wa yaro gwiwa kawai ya kwashe masa ƙafa. A tsaya inda kumfa ke ƙarewa, babba na riƙe da hannun ƙarami. Bakin tekun Labadi ya fi kusa, ana biyan kuɗin shiga, akwai dawakin da ake ɗora yara. Sai dai ku je da safe. Da zarar la'asar ta yi a ranar hutu, kiɗa da giya da shigar da ba za ka so Hajiya ta gani kana tsaye kusa da ita ba.

Binta_Legon: Bojo ya fi Labadi tsabta da natsuwa, har kwalekwale ake shiga a tsallaka kafin a kai ga yashin, yara na son wannan.

Direban_Asafo: Bojo hanyar Kasoa ce fa. Ki sa su bi ta Mallam da Weija ranar hutu? Rabin yininsu ya tafi. Kuma wa zai lallashi Hajiya ta shiga kwalekwale?

Baban_Ummi_Aboabo: Direba ka san tsohuwata ke nan. Gada ma in mota za ta hau sai ta fara salati.

Kawu_SabonZango: Na karanta duka, kuma akwai abin da ke ba ni mamaki da yaran yanzu. Kun lissafa kabarin Nkrumah, kun lissafa fadar da Turawan Denmark suka gina a Osu, amma ba wanda ya ce a kai yaran nan su ga inda kakanninsu suka kafa. Sabon Zango da nake zaune Malam Bako ne ya kafa shi fiye da shekara ɗari da suka wuce, bayan tsohon zangon cikin gari na mahaifinsa Malam Naino ya cika. Nima kuwa Malam Amadu Futa ne ya fara zama a shekarun 1930, lokacin wurin daji ne ana kiwon shanu. Ga Fadama, inda Babban Limamin Ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu yake, mutumin da aka haifa a 1919. Kai da kake shiga Makola sari, ka san filin ajiye motocin nan da ake kira Rawlings Park nan ne tsohuwar Makola da sojoji suka rushe a 1979? Wannan duk ba a rubuta shi a allon da ake kafa wa baƙi ba. A bakin tsofaffi yake, irin kawun naka da kake shirin guje wa. Ka zaunar da 'yarka gabansa awa ɗaya, za ta ji abin da ba a koya mata a makaranta. Gaida dangi shi ma ganin gari ne.

Binta_Legon: Kawu, maganarku gaskiya ce, ban musa ba. Amma ku ma kun san ba awa ɗaya za a yi ba. In da za a shiga a gaisa a ji tarihi a fito, wa zai ƙi? Matsalar ita ce ba a fitowa.

Malam_Tarihi: Kawu ya tuna mini. In za a bi ta tsohon gari, Jamestown ma na nan: hasumiyar jiragen ruwa mai ja da fari, ga kurkukun James Fort da Ingilishi suka gina a 1673, ga Ussher Fort na mutanen Holan tun 1649. Ta nan aka riƙa fitar da bayi, cikinsu har da mutanen arewa da aka biyo da su ta Salaga. A bayansu Bukom take, unguwar 'yan dambe, inda Azumah Nelson da Ike Quartey suka fito. Samari za su taso su ce za su zagaya da ku. Ba laifi, amma a yi ciniki kafin a ɗaga ƙafa, kuma kada a ɗauki hoton masunta da matansu ba izini, suna jin haushin haka ƙwarai. In rana ta yi zafi, Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Adabraka akwai inuwa da wurin zama. An buɗe shi ana gobe samun 'yanci, 5 ga Maris 1957, aka gyara aka sake buɗewa a 2022.

Ummu_Khalid: Malam, kwana uku suka ce fa, ba wata uku ba. Da tsohuwa da ƙananan yara wuri biyu a yini ya isa.

Baban_Ummi_Aboabo: Jama'a, labari ya canja. Na kawo maganar a gida jiya da dare. Ashe maiɗakina ta riga ta gaya wa yayarta ta Madina tun makon jiya, har an fara maganar abin da za a dafa. Hajiya kuwa da na ambaci otal sai ta dube ni ta ce, ita da ƙaninta na raye ba za ta kwana inda ba ta san wanda ya kwana jiya ba, in kuɗi ne suka yi mini yawa in kawo ta ƙara a na Umra. DanNima441, ba sai an je Kanda ba, asiri ya tonu tun daga Aboabo.

DanNima441: Ai na faɗa maka, Yaya!

Inna_Fadama: Madalla da Hajiya. Haka ake yi.

Wata_Baiwar_Allah: Ban saba magana a nan ba, amma bari in faɗi abin da matan gida ba sa iya faɗa. Ni a Nima nake aure, ɗaki da falo muke da shi, mu da yara huɗu. In baƙi suka zo daga Kumasi ko Tamale, maigida ne ke cewa marhaba, amma ni ke tashi kafin asuba neman ruwa, don famfo ba kullum yake kawowa ba, wani lokaci jarka-jarka muke saye. Ni ke kwashe yarana in kai su ɗakin maƙwabciya. Banɗaki na haya ne a bakin layi, ka yi tunanin raka baƙuwa tsohuwa can da tsakar dare. Kuɗin cefanen mako a kwana biyu yake ƙarewa, kuma kunya ba ta barin a ce komai. Wallahi muna son baƙi, ba ƙi muke yi ba. Amma mutum shida a lokaci ɗaya, in gidan kawunku irin namu ne, to matar gidan za ta yi muku dariya a fuska ta shiga madafa ta yi tagumi. Inna, zamaninku gidaje na da tsakar gida, yanzu an gine ta an sa 'yan haya. Baban Ummi, ka binciki yadda gidan yake kafin ka yanke.

Inna_Fadama: 'Yata, na ji ki, kuma Allah ya saka miki. Ba ƙarya kika yi ba, tsakar gida ta ƙare. Amma baƙo mai hankali ba ya zuwa hannu rabbana. Ya zo da buhun shinkafa da doya da mai, ya damƙa wa matar gida kuɗin cefane a ɓoye ba tare da maigida ya gani ba. Abin da zai ba mai otal ya ba ɗan'uwansa, wanne ya fi lada?

Wata_Baiwar_Allah: Shinkafa ba ta ƙara faɗin ɗaki, Inna.

Alhaji_Tudu: A raba mana. Hajiya ta sauka wurin ƙaninta, mutum ɗaya ba ya cika gida, kuma abin da ranta ke so ke nan. Kai da iyalinka ku kama ɗaki kusa, Kokomlemle ko Asylum Down ko Adabraka, duk akwai ƙananan masaukai kuma ba su da nisa da Nima. Daga tasha ku wuce gidan kawu kai tsaye da tsarabarku, ku gaisa, ku tafi Juma'a tare da shi, ku ci abincin gidansa. A nan za ka gaya masa da bakinka cewa Asabar ta yara ce, ka roƙe shi ya ba ka yaransa biyu su bi ku. Wanda ka ɗauki 'ya'yansa ka kai su bakin teku ba zai ce ka guje shi ba.

Binta_Legon: Wannan dabarar ta ɗaukar yaran gida ta yi. Akwai yaran Nima da yawa da ba su taɓa shiga wurin Nkrumah ba, alhali trotro ɗaya ne.

Kawu_SabonZango: Ni dai in ɗan 'yar'uwata ya ajiye mini uwarsa ya tafi otal da matarsa, zan karɓa, amma zan san an auna gidana an ga bai kai ba.

Sadiq_Yango: In otal ɗin za a kama, a kama yanzu. Tun shekarar 2019 da aka yi gayyar 'yan Afirka mazauna waje, Disamba a Ankara ta zama wani abu dabam, ɗakuna na tsada suna kuma ƙarewa. Farkon wata da sauƙi a kan lokacin Kirsimeti, amma duk da haka. Kuma kada ka tura kuɗi ta MoMo, wato ta waya, don ka ga hoto a intanet. Na taɓa kama wa surukina ɗaki a wani wuri, hoto kamar gidan minista, da muka je taga tana kallon mashaya, kiɗa har asuba, ruwa kuma a bokiti. Ka sa wani ya je ya gani da idonsa, ya buɗe famfo, ya tambaya ko suna da janareta.

DanNima441: Yaya, in ka ga wanda ya yi maka ka turo mini sunan ta akwatin sirri, zan leƙa bayan aiki.

Baban_Ummi_Aboabo: Allah ya saka, ƙanena. To Madina fa? Ita ma tana jira, kuma ba na son a ce an fifita dangin miji.

Direban_Asafo: Madina sai Lahadi, kuma ta zo daidai. Ku yi sammako ku wuce Aburi ta Adenta da Ayi Mensah, ku hau dutse, ku wuce gidan shugaban ƙasa na Peduase. Lambun Aburi tun 1890 yake, manyan itatuwa da iska mai sanyi, Hajiya ta shimfiɗa darduma ta zauna, yara su yi ta gudu. In da lokaci Mampong na gaba kaɗan, gonar Tetteh Quarshie da ya kawo irin kokon cakulan daga tsibirin Fernando Po a 1879. Da kun sauko sai Madina a kan hanya, ku ci abincin rana wurin yayar.

Kotoko_Har_Abada: Ɗan Asante zai bar Kumasi ya je Ankara kallon itacen koko. Duniya ta zo ƙarshe.

Ummu_Khalid: Direba, in sun je Aburi sun tsaya Madina cin abinci, yaushe za su kama motar Kumasi? Yara na da makaranta Litinin. Kai da kanka ka ce hanyar na cin awa bakwai. Ni a ganina a bar Aburi. In ana son itatuwa, lambun Legon yana nan kusa da Madina.

Direban_Asafo: In sun bar Circle ƙarfe uku za su shiga gida kafin sha ɗaya. Yaro ya yi barci a mota.

Ummu_Khalid: Wa ya taɓa fita daga gidan yayar matarsa ƙarfe biyu ranar Lahadi? Lokacin ma ake sauke tukunya.

Hajiya_MaiWaakye: Kuma ku tuna Makola ba ta ci sosai ranar Lahadi. In maiɗakinka na son atamfa ko mayafi, Asabar ce, bayan kun fito daga wurin Nkrumah, tafiyar ƙafa ce. Kasuwar Nima kuwa Laraba take cika, wannan ta wuce ku. Tsarabar komawa kada ka wahalar da kanka, burodin Nsawam zai same ku ta taga.

Baban_Ummi_Aboabo: Hajiya, don Allah kada ki bari ta ji maganar Makola. In ta shiga nan teku sai baɗi. Yanzu dai abin da ke hannuna: Juma'a Kanda da Nima, Asabar Nkrumah da Black Star da bakin ruwa, Lahadi Madina da ko Aburi ko Legon. Masauki har yanzu ban yanke ba. Maganar Alhaji ta kwanta mini, amma ta Kawu ta hana ni barci. Zan kira kawun nawa gobe in ji bakinsa.

Wata_Baiwar_Allah: Kada ka tambaye shi, zai ce ku zo duka ko da a tsaye za a kwana. Maiɗakinka ta kira matarsa.

Ummu_Khalid: Bakin ruwan da safe fa na ce, ka sa shi a ƙarshe. Ka juya: Labadi da farar safiya, Nkrumah da hantsi, Black Star in rana ta yi sanyi.

Mma_Akwatialine: Salamu alaikum, yanzu na ga wannan hira. Baban Ummi, ashe Ankara za ku? Ina da ɗan saƙo zuwa Ashaiman wurin 'yata, ba shi da nauyi, garin kuka ne da daddawa da 'yar jarkar man shanu. Ta wace tasha za ku tashi?

DanNima441: Mma, Ashaiman fa hanyar Tema ce, ba ta kan hanyarsu ko kaɗan.

Mma_Akwatialine: Ai ba Ankara ba ce duka?